Haɗakar jam'iyyu: kujera aka raba ko aiki?



Kwanan nan duk majalisar da ka zauna, zancen haɗaka ake yi: wane ya bi wane, wane ya sauya sheƙa. Ni tambayata ɗaya ce: in jam'iyyu sun haɗu sun kafa gwamnati, ta yaya kowace ke sa a cika alkawarin da ta yi wa mutanenta?

Mu koma 1979. Shehu Shagari ya ci zaɓe a NPN, amma jam'iyyarsa ba ta da rinjaye a majalisa, sanatoci 36 kawai gare ta cikin 95. Dole ta nemi NPP ta Azikiwe. To me NPP ta karɓa? Kujeru. Edwin Ume-Ezeoke ya zama kakakin majalisar wakilai, Farfesa Ishaya Audu ya zama ministan harkokin waje. Amma ka tambayi dattawanmu wace manufa NPP ta tilasta wa gwamnatin nan, ka ga yadda za a yi tsit. A 1981 auren ya mutu, wasu ministocinta kuma suka ƙi sauka, har da shi Ishaya Audun. Ai wanda ya shiga don kujera, kujerar zai bi.

Yanzu ku dubi Jamus a 2013. Angela Merkel na buƙatar jam'iyyar SPD, wadda ba ta kai tata girma ba. SPD ta kafe sai an sa mafi ƙarancin albashi cikin doka. Aka rubuta a yarjejeniya, 'yan jam'iyya suka kaɗa ƙuri'a a kai, ya fara aiki a Janairun 2015, yuro 8.50 kowace awa. Kun ga, ƙarfin ƙaramar jam'iyya yana wajen ciniki, tun kafin a yi rantsuwa, lokacin da babba ba zai iya tafiya ba ita ba.

Tamu ta 2013 kuwa ta ma fi haka rikiɗewa: CPC da ACN da ANPP narkewa suka yi suka zama APC, babu sauran mai cewa "in ba a yi kaza ba zan fita."

Don haka matasa, in sun zo neman ƙuri'a, kar mu tsaya kan wa zai yi mataimaki. Mu tambaye su me aka rubuta kan dajin Rugu, da manoman Safana da Batsari da suka bar gonakinsu, kuma wace jam'iyya ce cikinsu ta ɗauki nauyin wannan. Su nuno mana takardar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.