Albashin Malami da Amanar Wakafi: Jawabin Taron Shekara a Wudil

 

A bana mun zaɓi mu keɓe wannan jawabi ga mutum ɗaya, wato malamin makarantar firamare ta gwamnati, da abin da kan same shi da ɗalibansa duk lokacin da lalitar hukuma ta yi ƙasa. Galibin 'ya'yan da ke sahun baya a masallatanmu a hannunsa suke daga safe zuwa azahar. Don haka maganarsa maganar masallaci ce.

Bari mu fara da hanyar da albashinsa ke bi kafin ya shiga aljihunsa. Kuɗin malaman firamare ana cire su ne daga kason da ƙananan hukumomi ke samu duk wata daga asusun tarayya, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, ta kula da ɗauka da biya. Tallafin da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanada daga tarayya kuwa, mafi yawansa na gine-gine ne da kayan aiki. Ke nan idan kason wata ya ragu, azuzuwan da aka gina suna nan tsaye, amma mai shiga cikinsu da alli shi ne farkon wanda ake taɓawa.

Wannan ciwo tsoho ne. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, faɗuwar farashin man fetur a shekarun 1980 ta bar malamai watanni ba albashi. Dalilin haka aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake dawo da ita a 1993. A zamaninmu ma mun gani. A ƙarshen 2020 da farkon 2021, ma'aikatan Jihar Kano sun ga an zabtare albashinsu, gwamnati ta ce kason tarayya ne ya ragu. A Afrilun 2021 Jihar Kaduna ta sallami ma'aikatan ƙananan hukumomi kimanin 4,000, tana cewa albashi na cinye mafi yawan abin da ke shigo mata, har ƙungiyar ƙwadago ta tsayar da al'amura a jihar a watan Mayu. Kafin nan, jarrabawar gwajin da aka yi wa malaman firamare a 2017 ta kai ga sallamar 21,780 daga cikinsu. Dalilin wannan daban ne, amma ga yaron da ya zo da safe ya tarar da aji ba malami, duk kanwar ja ce. A Abuja kuma makarantun firamare na gwamnati sun kasance a rufe sama da wata uku a 2025, saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya sabon mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 ba. Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba: a 2013 birnin Shikago na Amurka ya rufe makarantu kusan 50, ya sallami ma'aikatan makaranta sama da 2,000 saboda giɓin kasafin kuɗi.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na malaman BESDA. Shiri ne da Bankin Duniya ya ba da rancen Dala miliyan 611 dominsa a 2017, don mayar da yaran da ba sa zuwa makaranta cikin aji a jihohi 17, har da Kano. An ɗauki dubban matasa suna koyarwa a kan ɗan alawus. Da wa'adin shirin ya ƙare, sai suka zama ba su ga tsuntsu ba su ga tarko: aiki na hannunsu, takardar aiki babu. A ranar 8 ga Yuni, 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya amince a ba sama da 5,600 daga cikinsu aikin dindindin, ya kuma bayyana cewa akwai makarantu kimanin 400 a jihar da malami ɗaya tak ke riƙe da su. Mun yaba da wannan mataki, kamar yadda muka yaba da ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100 na kasafin wannan shekarar. Sai dai darasin BESDA a fili yake. Duk albashin da ya dogara da rancen waje ko kason wata, ranar yankewarsa na iya zuwa ba sallama.

Mutanen Wudil sun fi kowa cancantar jin zafin wannan. Garin nan ya daɗe da suna wajen horon malamai. A yau kuma yana ɗauke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da Makarantar Horon Manyan Jami'an 'Yan Sanda, inda 'ya'yan wasu jihohi ke zuwa su sami digiri su koma. Yaron ƙauyenmu da ya gama aji shida bai iya haɗa baƙi ba, ƙofar waɗannan makarantu zai riƙa wucewa yana tura baro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarar da yaro ya rasa a aji biyu ba a sayar da ita a kasuwa.

To, mene ne namu a ciki? A nan wajibi ne mu bambanta zakka da wakafi, domin tambayar da kwamitoci suka fi yi mana ke nan. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta iyakance masu cin zakka zuwa kashi takwas. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ba a gina makaranta da zakka, ba a kuma mayar da ita ladan koyarwa. Amma malamin da aka sallama, ko aka riƙe albashinsa har abincin gidansa ya gagare shi, ya shiga sahun matalauta. Wanda bashin magani ko na hatsi ya yi masa katutu ya shiga sahun mabarta da zakka ke sauke musu nauyi. Irin wannan mutum ba ya roƙo, domin jiya shi ake gaisarwa da "Malam" a bakin hanya. Sai an neme shi, kuma a asirce.

Aji kuwa, maganinsa wakafi ne. Asalin wakafi shi ne a tsare dukiya, a ciyar da amfaninta, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara, Sayyidina Usman kuma ya yi da rijiyar Ruma a Madina. Da wannan hanya manyan makarantun Musulunci suka rayu. Masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta gina a Fas a 859, da Azhar ta Alƙahira, da Nizamiyya ta Bagadaza, duk kuɗin shaguna da gonaki na hubusi ne suka riƙe malamansu, sarakuna na zuwa suna wucewa. Waɗanda suka kafa su sun gane cewa gini sau ɗaya ake yin sa, malami kuwa kullum sai ya ci abinci. Mu a nan hannunmu ya fi sakewa wajen bulo da kwano, saboda ana ganinsu da ido, ana rubuta suna a jikinsu. Muna roƙon a ƙara da abin da zai tsayar da mutum a cikin ginin.

Mazhabarmu ta sauƙaƙa wannan ƙofa fiye da yadda da yawa suka ɗauka. Tana halatta wakafi na wani wa'adi, tana kuma halatta wakafin dabbobi. Mai shago a bakin titin Kano zuwa Maiduguri zai iya tsayar da kuɗin hayarsa na shekara biyar, shagon ya dawo masa bayan nan. Mai fadama a bakin kogi zai iya tsayar da amfanin kadada ɗaya. Dillalan kara da ke hada-hada duk ranar Juma'a za su iya haɗa 'yan shanu a yi kiwo, ribar ta tafi aji. Mata masu gidan haya ko injin niƙa su ma ƙofar a buɗe take gare su.

Saboda haka muna gabatar da buƙatu huɗu. Na farko, kowane kwamitin masallaci ya ziyarci makarantar firamaren da ta fi kusa da shi, ya zauna da hedimasta, ya rubuto mana yawan ɗalibai, yawan malaman da ke kan albashi, da yawan masu sa kai. Na biyu, a kawo mana sunayen malaman da aka sallama ko aka tsayar wa albashi cikin rufin asiri, domin a tantance su cikin masu karɓar zakka. Na uku, duk mai niyyar wakafi ya rubuta shi gaban shaidu, a bayyana dukiyar, da wa'adin, da mai kula, da sharaɗin cewa amfanin na alawus ɗin malami ne mai takardar shaidar NCE, a kuma sanar da magada tun mai dukiya na raye. Wakafin da aka yi da baka kawai, sau da yawa rabon gado ke cinye shi. Na huɗu, a sa wakilin masallaci cikin kwamitin kula da makaranta na unguwa, ya riƙa bin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da takarda duk lokacin da aka ɗauke malami ba a mayar da gurbinsa ba.

Wannan na ƙarshe muna jaddada shi. Biyan malamin gwamnati haƙƙi ne a wuyan gwamnati, kuma wakafinmu ba zai sauke mata shi ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara kusanto da wannan alhaki ga shugabannin da muke salla sahu ɗaya da su. Mu tambaye su cikin ladabi, mu kuma maimaita tambayar. Abin da muke nema da wakafi shi ne kada aji ya zauna a rufe a tsakanin ranar da malami ya tafi da ranar da hukuma ta turo wani.

A namu ɓangaren, mun ɗauki alkawarin ware asusun wakafin malamai daga asusun zakka, tare da kawo muku lissafinsa dalla-dalla a rahoton baɗi: abin da ya shigo, makarantar da ya tafi, da watannin da ya biya.