Harajin audugar mata a Birtaniya: wa ya biya, wa ya ci?



Maganar yau ta shafi haraji da haƙƙin mai biyansa. Misalinta ya fito daga Birtaniya, inda aka daɗe ana jayayya a kan audugar da mata ke amfani da ita lokacin jinin al'ada.

Tun shekarar 1973 ƙasar ta ɗora wa wannan kaya harajin saye, wanda a nan aka sani da TVA. A 2001 aka sauko da shi daga kashi 17,5 zuwa kashi 5 cikin ɗari, aka tsaya nan, domin dokar Tarayyar Turai ta lokacin ba ta yarda a soke shi ɗungum ba. A 2014 wata ɗaliba, Laura Coryton, ta buɗe takardar koke, mutane fiye da dubu 300 suka sa hannu. Hujjarsu guda ce: haila ba zaɓi ba ce, don haka bai kamata baitulmali ya ci riba da ita ba.

Da matsi ya yi yawa, ministan kuɗi George Osborne ya fito da wata dabara a watan Nuwamba na 2015. Ya ce harajin zai ci gaba, amma abin da yake kawowa, wajen fam miliyan 15 a shekara, za a zuba shi cikin wani asusu domin ƙungiyoyin taimakon mata. A ido wannan kyauta ce. In aka duba da kyau, mata ne aka sa su biya kuɗin gidajen fakewar matan da aka ci zarafinsu, alhali wannan nauyi na al'umma ne baki ɗaya.

Asusun bai daɗe ba ya haifi rigima. A 2017 aka ji cewa ƙungiyar Life, mai adawa da zubar da ciki, ta samu fam dubu 250. Mata da yawa suka fusata, suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: su ke biya, ba a shawarce su ba wajen rabo.

A cikin waɗannan shekaru wata tambaya mai wuya ta taso a ƙasar: kuɗin da aka ware wa mata, shin ya haɗa da masu sauya jinsi? Wani ɓangare ya ce gidan fakewa da kuɗinsa na waɗanda aka haifa mata ne. Ɗaya ɓangaren ya ce masu sauya jinsi su ma ana cin zarafinsu, kuma rufe masu ƙofa zalunci ne. Majalisar Sikotlan, da ta amince a Nuwamba 2020 da dokar raba audugar kyauta, ta rubuta cewa haƙƙin na duk mai bukata ne, ba ta tsaya tantance jinsi ba. Ran 16 ga Afrilu 2025 kuwa, Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin jinsin haihuwa, tare da tunatar da cewa dokar tana kare masu sauya jinsi daga wariya.

Shi harajin, an soke shi ran 1 ga Janairu 2021, bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai. Kenya ta riga ta tun 2004, Indiya a 2018. Daga baya asusun ma ya rufe, tunda rijiyar da yake sha ta ƙafe.

Darasin, jama'a, shi ne wannan. Duk gwamnatin da ta ɗaure taimakon mata ga harajin da mata kaɗai ke biya, ta mai da haƙƙi sadaka, ta bar talakawa suna faɗa a kan ɗan abin da ya rage. Kayan larura a cire masu haraji. Kuɗin kare mata, da na duk wanda doka ta ce a kare, a rubuta su ƙarara cikin kasafin kuɗin ƙasa, wakilan jama'a su tafka muhawara a kansu a bainar jama'a, su kaɗa ƙuri'a, kowa ya san wanda zai tuhuma ranar zaɓe.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.