Jawabi A Kan Shamakin Ɗaki Mai Naɗewa

Jama'a, magidanci da yawa a birane irin su Kano da Kaduna ɗaki guda gare shi na haya, nan ne wurin kwana, nan ne kuma wurin karɓar baƙi. Mai gida ba zai yarda a gina masa bango a tsakar ɗaki ba, igiyar labule kuwa sai an kafa mata ƙusa a bango, abin da ya kan jawo rigima ranar tashi. Maganin wannan shi ne shamaki na katako da ƙyalle, wanda ya ke tsayawa da ƙafarsa. Da shi sai iyali su sami sutura ko da baƙo yana zaune.

Ana yinsa da ƙyaure 3, kowane tsawonsa ƙafa 5 da rabi, faɗinsa inci 18. Katako mai faɗin inci 2 da kaurin inci 1 ya isa. Maɗaci yana da kyau da ƙarko, amma farin katako ya fi sauƙin ɗauka, ya kuma fi araha. Kowane aka zaɓa, wajibi ne ya zama busasshe sarai, domin ɗanyen katako da hunturu ya buge shi sai ya karkace, ƙyauren su ƙi haɗuwa.

Kowane ƙyaure yana bukatar dogayen sanduna 2 da gajeru 3, watau sama da tsakiya da ƙasa. Na ƙasan a ɗaga shi inci 4, don tsintsiya ta wuce, kada kuma danshi ya taɓa ƙyallen. A mahaɗa, kafinta ya fafe rabin kaurin kowace sanda, ya shafa gam, ya ɗaure da sukuru. Kafin gam ya bushe ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, sa'an nan ya auna ɗaya gicciyen. In awon biyu bai zo daidai ba, ƙyauren ya goce ke nan, sai a gyara nan take.

Turmin atamfa ɗaya, yadi 6, ya ishi ƙyauren duka gaba da baya, in an tsaga kowane yadi 2 a tsaye. A wanke ta tukuna, a goge, gama sabon ƙyalle ya kan tsuke in ya sha ruwa. Wajen kafawa ne masu gaggawa su kan ɓata aiki. Ba a farawa daga kusurwa. A lanƙwasa bakin ƙyallen, a kafa ƙaramar ƙusa a tsakiyar sandar sama, a ja, a kafa a tsakiyar ta ƙasa, haka kuma dama da hagu, sa'an nan a bi zuwa kusurwoyi, inci 2 tsakanin ƙusa da ƙusa.

Saura hinji, uku-uku a kowace mahaɗa. Na tsakanin ƙyaure na fari da na biyu su dubi gaba, na tsakanin na biyu da na uku su dubi baya. Ta haka shamakin zai tsaya a karkace kamar tafiyar maciji, ya kuma naɗe a jingine shi da rana. In aka miƙe shi sambal faɗuwa zai yi, wataƙila a kan yaro mai rarrafe. Kada kuma a kusantar da shi ga fitila ko risho ko kaskon wuta, domin atamfa a miƙe tsaye ba ta da wuyar kamawa.