Zanen Tatu: Hatsarin Yinsa Da Hatsarin Goge Shi

  

An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan zanen nan da ake yi a jiki da allura da tawada, wanda samari suke kira tatu. Ɓangaren hukunci na malamai ne. Ni ɗan agaji ne, don haka ta ɓangaren lafiya zan ɗauko maganar.

Abin da ya sa na zaɓi wannan batu shi ne, watannin baya an kawo mana wani ɗan'uwa hannunsa naɗe da tsumma yana wari. Tun yana sakandare aka zana masa kunama a tsintsiyar hannu. Daga baya Allah ya shirye shi ya kama zuwa karatu, sai kunyar naɗe hannun riga wajen alwala ta dame shi. Wani ya ba shi shawara ya ɗiga ruwan batir a wurin. Ya ɗiga. Fata ta ci, nama ya fito, ya ɓoye har kwana biyar kafin zazzaɓi ya tona asiri, muka ɗauke shi sai asibiti. Yanzu ya warke, amma tabon ya fi zanen girma, kuma wutsiyar kunamar tana nan ana ganinta.

To, me ya sa abin ba ya gogewa? Fatar mutum hawa-hawa ce. Lallen da mata suke sawa a hawan sama yake zama, shi kuwa hawan sama kullum sauyawa yake yi, shi ya sa bayan 'yan makonni lalle yake dushewa. Allurar tatu kuwa huda wannan hawan take yi, ta ajiye tawada a hawa na biyu, zurfin milimita 1 zuwa 2. Sai ƙwayoyin da Allah ya halitta don kare jiki su zo su haɗiye tawadar, su kasa narkar da ita, su zauna da ita a wurin. Wata ma takan bi ta taru a kaluluwar hammata. Ma'ana, sabulu da toka da lemon tsami da man shafawa ba za su kai gare ta ba, duk abin da ya kai gare ta kuwa sai ya fara cinye fatar da ke samanta.

Hatsari na farko wajen yin zanen shi ne jini. Allurar da ta shiga jikin wani ta shiga naka tana iya ɗauko ciwon hanta nau'in B ko C, ko ƙanjamau, wal'iyazu billah. Mu mun fi jin tsoron ƙanjamau, alhali ciwon hanta na B ya fi shi saurin kamawa nesa ba kusa ba. Ƙwayar cutarsa takan yi kwana 7 a busasshen jini a kan ƙarfe ba ta mutu ba. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, kuma da yawansu ba su sani ba, lafiya lau suke yawo, sai bayan shekaru hanta ta fara lalacewa. Ku tuna yadda samari suke yi a ɗakin kwanan makaranta ko a gidan yari, allura ɗaya da tawadar biro mutum biyar. A nan kuma kada mu ga laifin wasu mu manta namu, domin askar wanzami ta jarfa ko tsaga ko ƙaho, in ba a tafasa ta ba, hukuncinta ɗaya da wannan allurar. Akwai rigakafin ciwon hanta na B, allura 3 ce, wanda bai yi ba ya je a gwada shi ya yi.

Wani zai ce ai shi shagon zamani ya je, a gabansa aka ɓare sabuwar allura. To tawadar fa? A ƙarshen 2011, a garin Rochester na jihar New York a Amurka, mutum 19 suka kamu da ƙuraje masu wuyar magani, da aka bincika sai aka tarar tawadar ce ta zo da ƙwayar cuta tun daga kamfani. Tarayyar Turai kuwa a watan Janairu na 2022 ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a tawadar tatu. In haka ne a can, wa ya duba wadda ake sayarwa a kwalba ba suna? Jar tawada ita ta fi jawo ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci bayan shekaru. Sannan mu baƙar fata mun fi wasu yin tabon nan mai tudu, wanda yake ci gaba da girma ya wuce inda aka ji ciwon, irin wanda kuke gani a kunnen wasu bayan huji.

Yanzu ga wanda ya riga ya yi, shi ne na fi damuwa da shi. Hanyar da likitocin fata suka fi bi ita ce na'urar haske da ake kira leza. Hasken yana farfasa tawadar ta zama gari, jiki ya riƙa kwashewa a hankali. Ba zama ɗaya ba ne, sau da yawa akan yi 6 zuwa 10 ko fiye, tsakanin kowane zama makonni 6 zuwa 8. Da zafi, da tsada ninkin-ba-ninkin kuɗin zanen. Baƙar tawada ta fi saurin fita, kore da rawaya kuwa taurin kai gare su. Kuma hasken yana iya taɓa launin fatarmu, wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu, don haka wajibi ne ya zama likitan da ya saba aiki da baƙar fata, ba mai shagon kwalliya ba. In zanen ƙarami ne likita yakan yanke ya ɗinke, tabo zai saura.

Wanda ba shi da halin wannan, don Allah kada ya sa wa kansa ruwan batir, ko dutsen guga, ko reza, ko gishiri. Na tambayi malamanmu, sun ce tawadar a ƙarƙashin fata take, ba ta hana ruwan alwala ko na wanka taɓa jiki. Imam Nawawi ma ya yi bayanin cewa in ana tsoron cirewar za ta lalata gaɓa ko ta bar mummunan aibi, ba wajibi ba ne a cire, tuba ya wadatar. Mu ma mu kame bakinmu, domin maganganun da aka riƙa yi a wajen alwala su suka tura ɗan'uwan nan ga batir.

Duk wanda yake da sabon zane ko ƙuna, ya ga wurin yana ja, yana zafi, yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya biyo baya, kada ya kwana. Ya same mu a teburin agaji bayan an tashi, za mu raka shi asibiti, kuma ba wanda zai ji.