Azuzuwan Kalmomin Turanci da Makomar 'Ya'yanmu

 

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito, kuka ɗaya ake yi mana: yaro ya ci darussa shida ko bakwai, amma Turanci ya kayar da shi. Sanin kowa ne kuwa, in babu kiredit a Turanci, ƙofar jami'a sai dai a hange ta daga nesa. Mu da muka tsufa da alli a hannu mun san inda gizo ke saƙar, kuma tun daga firamare yake fara ta.

Ku shiga ajin da kuka ga dama tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, za ku ji yara suna rera ma'anar noun da verb da adjective tamkar karatun allo. Haddar ta zauna daram. Amma a ce yaro ya gina jimla guda, sai ido ya raina fata. Dalili shi ne ba a taɓa nuna masa cewa waɗannan azuzuwan kalmomi suna nan cikin harshen da ya sha a nono ba: suna, wakilin suna, aikatau, sifa, bayanau, mahaɗi da sauransu. Turawa sun gaji rabon kalmomi gida takwas daga Girkanci da Latin. Malamanmu na zaure, masu karantar da Ajurrumiyya ta Ibn Ajurrum wanda ya rasu a 1323, gida uku suke raba su: ismi, fi'ili da harafi. Ashe nahawu ba baƙo ba ne a ƙasar nan.

Babban abin da ke tuntsurar da ɗan Bahaushe shi ne lokaci. A Hausa muna cewa ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Aikatau yana nan yadda yake. 'Yar kalmar da ke gabansa ce ke ɗauke da lokaci. Turanci kuwa a jikin aikatau yake sa alamar abin da ya wuce: go, went, gone. To, yaron da ya rubuta yesterday he go ba daƙiƙi ba ne, ƙa'idar Hausa ya bi sau da ƙafa, ya sanya mata rigar Turanci. Bulala ba ta gyara wannan. Abin da ke gyara shi malami ya raba allo biyu, Hausa a dama, Turanci a hagu, har yaro ya gane da kansa inda hanyoyin suka rabu.

Haka batun jinsi. A wurinmu mota mace ce, gida namiji, saboda haka yaro ke kiran mota she, alhali Bature it zai ce. Jam'i kuma bai kamata ya tsorata kowa ba. Wanda ya iya gida da gidaje, riga da riguna, yaro da yara tun bai shiga makaranta ba, ina child da children za su gagare shi?

Ba sabon abu muka zo da shi ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa kafin a koma Turanci, littafin nahawun Hausa na Farfesa M.K.M. Galadanci kuma ya fito tun 1976. Sai dai a shekarar ce aka buɗe shirin UPE, yara suka cika makarantu maƙil, aka ɗebi malamai cikin gaggawa. Daga baya aka rufe kwalejojin horon malamai masu ba da takardar Gireti Tu, inda aka sa mu koyarwar gwaji a gaban mai duba aiki har sai hannu ya faɗa. Wannan rashi, a ganinmu, har yau ba a maye gurbinsa ba.

Mun gode da ajujuwan da kuka gina da rijiyoyin da kuka haƙa, Allah Ya saka da alheri. Roƙonmu bana shi ne ƙungiya ta ware wani abu daga asusunta domin bitar mako biyu ga malaman Turanci na firamare a dogon hutu, a gayyato malaman Hausa su zauna tare da su, a kuma saya wa kowane aji ƙamus. Mu tsofaffin hedimastoci za mu koyar kyauta. Kuɗin mota da abincin mahalarta kawai ya rage gare ku.