Tattabarun Zango: A Rufe Buhu, a Ajiye Guba

 

Ba sai na lissafa muku ɓarnar tattabaru ba. Mai sayar da masara a kasuwar Asawase ta nan Kumasi ya sani, ladanin da ke wanke kashinsu kafin jama'a su taru ya sani, haka uwargidan da ta shanya gero a Aboabo ta juya baya. Abin da ya kawo ni shi ne saɓanin da na daɗe ina yi da wasu abokan aikina da masu duba-gari, waɗanda duk sanda aka kai kuka amsarsu ɗaya ce: a jiƙa hatsi da guba a watsa, ko a kafa raga a kama a hallaka. Ban yarda ba tun can, yau ma ban yarda ba.

Hujjata tana birnin Basel na ƙasar Suwizalan, kuma zan daɗe a kanta. Daga 1961 zuwa 1985 ma'aikatan birnin sun harbe ko sun kama tattabaru wajen 100,000. Shekara 25 ana kisa, da bindiga da tarko da kuɗin gwamnati. Da aka zo ƙidaya, sai ga wajen 20,000 suna yawo a tituna kamar ba a taɓa su ba.

Duk mai kiwonsu a nan zai iya faɗa muku dalili. Tattabara ƙwai 2 take sakawa, ta yi kwanci kwana 18, bayan wata guda 'ya'yan su tashi, a wata 6 ko 7 su ma sun fara nasu. In da abinci, ba ruwanta da rani ko damina. A garin da suka cika, yawancin 'ya'yan mutuwa suke yi tun suna ƙanana, don manya sun riga su ga ƙwaya, sun kuma tare wuraren sheƙa. To, ranar da ka kashe manyan, ka buɗe wa ƙananan rumbu ke nan. Waɗanda da yunwa ce za ta ɗauke su sai su rayu, su cike gurbi cikin 'yan watanni. Yawan abincin gari shi ke yanke yawan tattabarunsa.

A 1988 wani masani na jami'ar Basel, Daniel Haag-Wackernagel, ya juya akalar aikin. Aka shiga wayar da kan jama'a su daina watsa musu abinci, aka gina 'yan ɗakunan tattabaru ƙarƙashin kulawa, ana share su, ana kwashe ƙwai. Cikin shekara 4 adadin ya ragu da kusan rabi. Abin da bindiga ta kasa a shekara 25, hana abinci ya yi shi a 4. Basalona ta ƙasar Sifen ta gwada kisa tsakanin 1986 da 1990, ta hallaka fiye da 100,000, ba ta ga sauƙi ba. Landan ma a 2003 hana ciyarwa ta yi a dandalin Trafalgar.

Za a ce Basel ba Kumasi ba ce. Cikin tattabara dai ɗaya ne ko'ina. Bambancin kawai, mu ba 'yan yawon buɗe ido ke ciyar da su ba, mu ne da kanmu: masarar da ke zuba in ana sauke buhuna daga motocin arewa, dusar da ke bakin injin niƙa, ragowar wake da shinkafa da tuwo da ake juyewa a kwata. Wasu kuma za su ce sadaka ce, ai alhazai sun ga tattabarun Harami. Sadaka tana nan, amma a zuba a akurki, kada a watsa a ƙofar masallaci, inda maƙwabci zai kwashi ƙazantar.

Guba kuwa ba ta tambayar suna. Kajin mutane za su ci, kyanwa ta ci gawar, ungulu ta biyo baya, alhali tun 2015 aka sa irin ungulunmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Abin da ya fi tayar mini da hankali yaranmu ne. Yaro ya ga tattabara tana tangaɗi, ai tsintuwa ya yi, zai fige ya gasa. Ku tuna kuma da yawan tattabarun Zango suna da masu su.

Kan lafiya, abokan aikina sun yi gaskiya a abu ɗaya: busasshen kashin tattabara yana ɗauke da ƙwayar cutar da ke kawo wani irin sanƙarau ga wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Sai dai guba ba ta kwashe kashin da ya taru a silin. Ruwa ake yayyafa masa, a rufe hanci da baki, sannan a kwashe.

Roƙona ga asambilin birnin Kumasi (KMA) da na Asokore Mampong shi ne su sa doka a share wurin sauke hatsi kafin mota ta tashi, kwandunan shara su samu murfi. Kwamitocin masallatai su toshe bakin rufi da ragar waya. Sarakunanmu su ba matasa wuri a gina ɗakunan tattabaru, a riƙa rage ƙwai, 'yan shila kuma a sayar, don kowa ya san farfesunsu. Kafin duk wannan, a gayyato ɗaliban jami'ar KNUST su ƙidaya tsuntsayen kasuwa kasuwa, a sake ƙidayawa bayan shekara 2. Mai son guba shi ma ya kawo nasa lissafin a gwada.