Sana'ar Hura Gilashi da Rabonmu a Cikinta



An nemi mu yi magana a kan wata sana'ar hannu, mu kuwa muka zaɓi wadda da wuya a ce ɗan Garun Malam, ko Kura, ko Bunkure ya taɓa ganin ana yinta a garinsu, watau narka gilashi da hura shi. Wani zai ce, ina ruwan ɗan manomin shinkafa da wannan? Muna roƙo a saurare mu tukuna, gama a ganinmu da ruwansa ƙwarai.

Gilashi dai yashi ne aka narka. Amma yashi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyas, abin da wutar itace ba ta iyawa. Dabarar da mutanen dā suka gano ita ce a gauraya shi da kanwa ko toka, sai ya narke a zafin da bai kai haka ba, a kuma ƙara farar ƙasa don kada ruwa ya riƙa cinsa. Har yau kwalbar da ke hannunmu wajen kashi 70 cikin 100 nata yashi ne.

Shi mai hura gilashi ranarsa tana farawa ne a bakin tanderun da ya kwana yana ci, domin idan aka bari ya huce, sake zafafa shi hasarar lokaci ce da makamashi. Yakan ɗauki dogon bututun ƙarfe, ya tsoma bakinsa cikin narkakken gilashin da ya wuce digiri 1,000, ya naɗo curi mai yauƙi kamar zuma. Daga wannan lokaci ba shi da izinin tsayawa. In ya daina juya bututun ko na ƙiftawar ido, curin zai zubo gefe guda. Sai ya hura kaɗan, ba da ƙarfi ba kamar mai busa kakaki, iskar da ta shiga ita ce zafi zai kumbura ta. Ya murza a kan faifan ƙarfe, ya matse wuya da awartaki, ya mai da shi wuta in ya fara sandarewa, ya sake fitarwa. Abin mamaki a nan shi ne, mai sana'ar ba ya taɓa abin da yake ƙerawa da hannunsa har ya gama. Maginin tukwane yana jin yumɓu a tafinsa, majemi yana jin fata, shi kuwa da ido yake ji, launin jan da ke jikin gilashin ne ke gaya masa saura daƙiƙa nawa. Sa'an nan in an gama ba a ajiye kwalbar a iska. Ana sa ta cikin wani tanderu mai zafin wajen digiri 500, ta huce sannu a hankali har wayewar gari. Wadda aka yi wa gaggawa, ko ta fito lafiya, wata rana za ta tsage ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta.

A ƙasar Sham aka gano hurawar nan, a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Daga baya Musulmi suka gwanance da ita, fitilun masallatan Alƙahira na ƙarni na 14, masu ayoyi a jiki, suna nan a gidajen tarihi. Mutanen Banis ta Italiya kuwa a 1291 suka kwashe masu sana'ar zuwa tsibirin Murano, suka riƙa tsaron asirinta kamar dukiyar gwamnati.

To, ba sai mun ƙetare teku ba. A Bida, ƙasar Nufe, akwai unguwar Masaga, inda zuriya guda ta daɗe tana wannan aiki. Su da kansu suna cewa kakanninsu daga Masar suka taso. Bature mai bincike S. F. Nadel ya bayyana aikinsu a littafinsa na 1942 a kan masarautar Nufe. Gaskiya ne su ba hurawa suka fi yi ba. Naɗa narkakken gilashi suke yi a kan sandar ƙarfe su fitar da duwatsun ado, ko su huda curi su yi ta juya shi yana buɗewa har ya zama ƙarau, irin wanda kakanninmu mata suka yi ado da shi. Aikin taro ne, wani na kan zugazugi, sauran sun kewaye murhu, yaro kuwa yana kallo shekara da shekaru kafin a miƙa masa sanda.

Abin da ya kamata mu riƙe a labarin Masaga shi ne, a dā ba narka gilashin wasu kawai suke yi ba, nasu suke dafawa daga yashi da kanwar da fatake ke kawowa daga wajen Tafkin Chadi. Baƙin gilashi ne, suna kiransa bikini, dahuwarsa kwanaki take ɗauka. Da kwalaben Turawa suka cika kasuwa, sai aka ga fasa kwalba a narka ya fi sauƙi da araha, kuma ga launi iri iri a shirye. Ba mu ga laifinsu ba, kowa ya samu sauƙi ba ya zaɓar wahala. Amma daga baya dahuwar bikini ta tsaya, waɗanda suka san ma'auninta suka riƙa rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Sai a 2019 aka tara dattawan da suka ga ana yi suna yara, suka sake gwadawa. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin biranen da ta karrama saboda sana'o'in hannu. Karramawa abu ne mai kyau, sai dai ba ta koya wa yaro riƙe sanda.

Kada kuma a ɗauka Bida ce kaɗai. Tonon da Dokta Abidemi Babalola ya yi a Igbo Olokun, a Ile-Ife, ya nuna ana dafa gilashi a can da kayan ƙasar tsakanin ƙarni na 11 da na 15, tun Turawa ba su san hanyar gaɓar tekunmu ba. Can sana'ar ta mutu ɗungum, sai ɓaraguzan tukwanen narki suka rage.

Yanzu mu dawo gida. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya shiga gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, shinkafa ta zama abin tinƙahonmu. Duk wanda ya bi hanyar Zariya ya ga tsibin buntu a bayan injinan casa, wani yana ci da wuta kwana da kwanaki, hayaƙi na damun mutane. Buntun nan wajen kashi 20 cikin 100 ne na nauyin shinkafar da ba a casa ba. In aka ƙone shi yadda ya kamata, tokarsa fara ce, kuma kusan kashi 90 cikin 100 nata sinadarin nan ne da ke cikin yashi, wanda shi ne uwar gilashi. Watau abin da muke zubarwa shi ne abin da masana'antu ke haƙa. Ga kanwa a kasuwa, ga fasassun kwalabe a kowace bola.

Ba muna cewa gobe a gina tanderu a Kwanar Gafan ba ne. Babbar matsalar sana'ar nan wuta ce, kuma ba za mu ba da shawarar a ƙarasa sare 'yan itatuwan da suka rage mana ba, tilas sai gas ko lantarki mai ɗorewa. Haka nan kwalaben adana tumatirin da ke ruɓewa lokacin kaka aikin inji ne, mai hurawa ba zai yi gasa da shi ba, gama murfi yana son baki daidai wa daida.

Inda inji ba ya iya maye gurbin hannu, yana nan kusa da mu, a ɗakunan gwaje-gwaje na jami'a. Kowane ɗalibin kimiyyar haɗa sinadarai ya san abin da ke faruwa in bututun tace ruwa ya tsage, ko dai a jira wata da watanni a sayo daga waje da kuɗin ƙetare, ko a kai wa mai hura gilashi ya ɗinke shi da harshen wuta cikin awa guda. Irin waɗannan ma'aikata kaɗan ne, ba su da digirin da muke fahariya da shi, sau da yawa ma ba mu san sunansu ba, alhali kuwa binciken malaminmu yana rataye da hannunsu. In ɗaya ya yi ritaya ba wanda ya koya a wurinsa, abin da ya sami bikini ne zai sami ɗakin.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana koyar da fasahar gilashi, kuma daga Garun Malam zuwa can tafiya ce ta ƙasa da awa biyu. Muna kira ga ƙungiyarmu ta rubuta wa sashen ta nemi izinin ziyara a hutun da ke tafe, mu tafi da buhu guda na tokar buntu daga Kura a auna mana ita a gabanmu. Waɗanda kuma za su zaɓi batun binciken shekarar ƙarshe a bana, ga shi nan kwance a bayan injin casa.